Yadda Gide Ya Koma Bayan Garma

Sunansa na yanka Abubakar Sadiq, amma daga Yankara har Mairuwa babu wanda zai nuna maka gidansa idan da wannan suna ka neme shi. Gide mai horon shanu ake ce masa. Tobashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma danga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Abin da na rubuta a nan, ko dai na gani da idona, ko kuwa shi ya faɗa mini da bakinsa, kuma sai da na karanta masa daga farko har ƙarshe ya ce in bar shi haka.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara riƙe igiyar sa a gaban garmar mahaifinsa, ya kuma shekara arba'in yana koya wa shanu huɗa. Daga Daudawa ake kawo masa bijimai, wani lokaci har daga Sabuwa. Yadda yake aikinsa ya sha bamban da na sauran masu horo. Idan aka kawo masa sabon sa, mako guda cur ba ya nuna masa aiki. Zai zauna kusa da turke da ƙwaryar dusa, yana wani ɗan gunji a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne, ba kuma magana ba. Daga nan ya ajiye karkiya, wato itacen da ake ɗora wa shanu a wuya, kusa da inda san ke cin abinci, har ya shinshina ta ya saba da ita. Ranar da zai ɗora masa ita kuwa, ba ya haɗa shi da wani sabo irinsa, sai da tsohon sa wanda ya riga ya ga komai. Bai taɓa riƙe bulala ba. Masu gaggawa sukan ce Gide hira yake yi da shanu, ba horo ba. Amma su ne dai ke dawowa baɗi da wani maraƙin.

Damina biyu da suka wuce, da hantsi, yana ban ƙasa a gonarsu ta bakin daji, 'yan bindiga suka ɓullo a kan babura uku. Kowa ya ji ƙarar tun daga nesa. Maƙwabtan gonarsa suka faɗa cikin dawa suka tsira. Gide bai motsa ba. Yana tsaye riƙe da garma suka iso, suka kora shi tare da shanun biyu. Kwana goma sha tara ya yi a hannunsu kafin dangi su yi abin da ake yi a sako shi. Shanun ba su dawo ba.

Ramar da ya yi ta ragu kafin kaka, raunukan igiya a hannunsa suka warke, amma mutumin da ya dawo ba ya fita ko ƙofar gida. Da zarar babur ya wuce, ko da na mai sayar da burodi ne, sai zufa ta keto masa, ƙafafunsa su mutu. Tuwo loma biyu yake ci ya ture kwanon. Masu zuwa jaje suna cewa ya yi haƙuri, ƙaddara ce, shi kuma yana amsawa da cewa da sauƙi. An yi masa rubutu ya sha, an yi sauka, kuma bai raina ko ɗaya ba. Wata rana muna zaune mu biyu a zaurensa ya ce mini, “Sha'ibu, ni hwa na yarda da ƙaddara. Ƙahwahuna ne ba su yarda ba.”

Shanu biyu suka rage a gidan. Akwai Goshi, tsohon sa mai farin tabo a goshi, wanda ɗingishi ya hana a fita da shi ranar da abin ya faru. Akwai kuma wani matashi da aka sayo a Sabuwa, ana kiransa Ɗan Sabuwa, wanda bai taɓa shiga karkiya ba. Shanun na gandu ne, mai faɗa a ji a gandun kuwa wan Gide ne, Yaya Muttaka. Da bazara ta kama, harawa ta ƙare, Yaya Muttaka ya zo zauren ya faɗi magana a gabana.

“Gide, ban zo in ɓata maka rai ba. Amma sa guda bai huɗa, ɗayan kau bai san komi ba sai ci. Ajiye shanu yanzu kiran ɓarayi ne. In ruwan shuka ya sauka Ɗan Sabuwa bai shiga karkiya ba, duka biyun kasuwar Yankara za su.”

Gide bai ɗaga kai ba. Ya ce, “To, Yaya.”

Kowa a ƙauyenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da Goshi ya bar gidan, babu sauran tsohon sa da za a haɗa sabo da shi, kuma sana'ar Gide ta ƙare ke nan.

Mai ɗakinsa, Suwaibatu, ita ta ji labarin Hajiya Mansura a wajen wani suna. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Ƙanƙara, mai kimanin shekara hamsin, wadda ta ƙaro karatu a kan kula da mutanen da firgici ya zauna wa a jiki. Kowace Laraba takan zo asibitin sha-ka-tafi na garin da ke gaba da mu. Da ƙyar Gide ya yarda, shi ma da sharaɗin za mu bi ta hanyar bayan gari a ƙasa, inda babur ba ya bi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kujeru uku ne a ɗakin, amma ba ta nuna masa ko ɗaya ba. Ta ce, “Malam Gide, ina kake so ka zauna? Ƙofa kuma a buɗe ko a rufe? Shi wannan bawan Allah ya tsaya ko ya jira a waje?”

Gide ya ja kujera ya jingina ta da bango, yana fuskantar ƙofa. Ya ce, “A bar ta buɗe. Shi kuma shi zamna, ai ko an kore shi laɓewa zai yi.”

Ta yi dariya, ta ce, “Tobashi ke nan.” Sannan ta ce masa ba za ta tambaye shi abin da ya faru a daji ba, yau ko gobe, sai in shi ya ga dama. Duk lokacin da magana ta yi masa nauyi, ya ɗaga hannu kawai, za ta tsaya. “Ni na yi karatun jikin mutum, amma jikinka kai ke cikinsa. Abin da na sani da abin da ka sani za mu haɗa.”

Ranar ba a yi wani abu mai yawa ba. Ta sa shi ya taka ƙasa da tafin ƙafa biyu ya ji taurinta, ya dubi ɗakin a hankali ya faɗi abin da idonsa ya fi son tsayawa a kai, sannan ya ja numfashi ya sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. A hanyar komawa ya ce mini, “Ko allura babu. Wannan aikin ko kai ka iya shi.” Amma Larabar da ta biyo, shi ya riga ni shiri.

A zama na uku ta yi masa bayanin abin da ke damunsa. Ta ce akwai jijiyoyi da suka taso daga ƙwaƙwalwa suka ratsa maƙogwaro da zuciya da ciki, aikinsu gadi ne. Su ke sauraron haɗari, kuma sukan yanke hukunci tun kafin mutum ya yi tunani. Ta faɗi sunansu da Turanci, amma ban rubuta shi ba, domin ban tabbatar da haruffansa ba, ni kuwa ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Da ta ga bayanin bai shige shi ba, sai ta sauya hanya.

“An ce mini kai ke horon shanu. Yaya kake gane sa ya tsorata tun bai zabura ba?”

Nan take Gide ya gyara zama. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin a ɗauke shi. Ya ce kunne ke fara miƙewa, sai hanci ya buɗe, fatar kafaɗa ta riƙa rawa. “Amma babbar alama, Hajiya, tuƙa ce. Sa bai tuƙa sai hankalinshi ya kwanta. Da ya ji abin da bai yarda da shi ba, bakin zai tsaya cak. Ko ka tura mashi dusa ba ya ci.”

“To kai fa, Malam Gide,” in ji ta, “yaushe rabonka da tuƙa?”

Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma a wajenmu ba a kwatanta dattijo mai iyali da dabba, balle daga bakin mace, balle a gaban tobashinsa. Gide ya miƙe, ya gyara hularsa.

“Hajiya, su can daji da igiya ɗaya suka ɗaure ni da shanuna. Ban zaci nan ma dabba za a maishe ni ba.”

Ya fita. Ba ta bi shi da magiya ba. Ta ce mini kawai, “Malam Sha'ibu, ka faɗa masa na yi kuskure, kuma kujerarsa tana nan.” Na faɗa masa. Laraba biyu suka wuce bai je ba.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Yaya Muttaka ya ga lokaci na tafiya, sai ya ce bari ya gwada da kansa, ko a tsira da shanun. Wata safiya ya fitar da su filin bayan gida, ya ɗora wa Ɗan Sabuwa karkiya a karon farko, ya ɗaura garma nan take. San ya yi tsalle, ya ja gefe, ya nemi tsinke igiya. Da ya ga babu mafita sai ya durƙushe, ya kwanta a ƙasa, ya miƙe wuya, idanunsa a buɗe ba ya ko ƙiftawa. Yaya Muttaka ya karyo tsumagiya ya shiga zuba masa. “Tashi, ɗan banza mai taurin kai!”

Ina leƙe ta kan danga na ga Gide ya fito. Wata takwas ke nan bai taka filin nan ba. Ya riƙe hannun wansa.

“Yaya, bari. Ba taurin kai ba ne.”

“In ba taurin kai ba, mi ne ne? Ga shi kwance kamar gawa!”

“Tsoro ne ya wuce na gudu. Ya nemi hanya ya rasa, jikin ya ɗauke. Ko ka kashe shi bai iya tashi, ba shi ke riƙe da ƙahwahunshi ba yanzu.”

Yana gama faɗin haka sai ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Sannan ya durƙusa ya kwance karkiyar, ya jawo Goshi kusa, ya zauna a ƙasa yana wannan gunji nasa. An daɗe kafin Ɗan Sabuwa ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, jikinsa ya ɗauki rawa, ya miƙe da kansa.

Ranar Laraba Gide ya buga mini danga tun da sassafe.

Da muka shiga, Hajiya Mansura ce ta fara magana. “Malam Gide, ka gafarce ni. Na yi gaggawa, na ɗora maka magana tun ba ka shinshina ta ba.”

Ya ce, “Ya wuce, Hajiya. Tambaya gare ni.” Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. “Ranar da suka zo, kowa ya gudu. Na ji su tun suna nesa. Ga dawa nan kusa, taku goma. Ban gudu ba, ban ɗauki ko fartanya ba. Na tsaya kamar turke har suka zo. Wata takwas ina ce ma kaina ragon namiji. Shin abin da ya kwantar da san nan, shi ya tsayar da ni?”

“Kai ka ga san, ni ban gan shi ba,” in ji ta. “Me ka gani?”

“Na ga ba laihinshi ba ne.”

“To haka karatuna ya ce game da mutum. In jijiyoyin nan suka ga gudu ba zai fisshe ka ba, faɗa ba zai fisshe ka ba, sukan tsayar da jiki cak, ba tare da sun yi shawara da kai ba. Ba ragonta ba ce, kuma ba raunin imani ba ne. Mai yiwuwa ma tsayawar ce ta sa ba su harbe ka ba, Allah ne masani. Matsalar ita ce har yanzu masu gadin nan ba su sami labarin ka dawo gida ba.”

Gide ya ɗaga hannu. Ta tsaya. Ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa suna rawa, ni kuma na mai da idona kan wata takardar rigakafi da ke manne a ƙofa, na karanta ta har sau huɗu.

Da ya natsu ta ce, “Da sa ne aka kawo maka mai tsoron babur, yaya za ka yi da shi? Ka ga yanzu izini nake nema kafin in tambaya.”

Ya yi murmushi. Shi da kansa ya tsara maganinsa, ita tana gyara masa wurare. Ya ce ba za a fara da kusa ba. A sami babur a kashe, a jingine shi inda zai riƙa ganinsa yana cin abinci. Bayan kwanaki a tayar da shi can nesa, na ɗan lokaci, a kashe tun kafin tsoro ya kai ga wuya. Ita ta ƙara da cewa shi zai riƙa ba da umarnin tayarwa da kashewa, ba wani ba, kuma duk ranar da jikin ya ce a'a, a bari sai gobe, ba a kira wannan faɗuwa ba. Ta ce gunjin da yake yi wa shanu ya riƙa yi wa kansa, domin doguwar fitar numfashi da karkarwar maƙogwaro suna sanar da jijiyoyin cewa lafiya.

“Saura abu guda,” in ji Gide. “Ba a sa sabo shi kaɗai. Sai da tsoho a gefe.”

“Wa kake so ya zama tsohon?”

Na gyara zama, ina jiran in ji sunana. Ya ce, “Wannan surutu gare shi. Yaya Muttaka nike so. In yana tsaye, ban taɓa jin tsoron komi ba tun muna yara. Sai dai bakinshi.”

Larabar da ta biyo mu uku muka je. Yaya Muttaka ya zauna a takure, ya ce shi bai iya lallashi ba. Hajiya Mansura ta ce ba lallashi ake nema ba. “Alhaji, in ya tsaya, kai ma ka tsaya. Kada ka ce ya yi haƙuri, kada ka ce ya zama namiji. Ka tsaya kusa da shi kawai, ka yi numfashinka a hankali. Jiki yana jin jikin da ke gefensa.”

“Shi ke nan aikin? In yi shiru?”

“Shi ke nan.”

“Lallai kin ba ni mai wuya,” in ji shi.

Babur ɗina aka jingine a zauren. Mako biyar ana abu biyu a gidan a lokaci guda: da safe Gide yana zaune wajen Ɗan Sabuwa da karkiya a ajiye kusa da dusa, da la'asar kuma ni ina can bakin rijiya ina tayar da babur idan ya ɗaga mini hula, in kashe idan ya ɗaga hannu. Ba kullum aka ci nasara ba. Akwai ranar da na matso kusa ba da izininsa ba, don na ga kamar ya warware, sai ga shi a ƙasa yana haki, aka koma baya da kusan mako guda. Laifina ne, na kuma rubuta shi don kada wani ya maimaita. Amma kwanon tuwonsa ya fara komawa cikin gida babu saura.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Asabar. Washegari da safe aka fita gonar bakin gari, Goshi a dama, Ɗan Sabuwa a hagu, Yaya Muttaka a gaba riƙe da igiya, Gide a bayan garma. An yi kunya shida lafiya. Ana cikin ta bakwai wani ɗan acaɓa ya taho a guje ta hanyar Faskari, wanda babu wanda ya shirya da shi.

Gide ya tsaya. Na ga wuyansa ya sandare, hannuwansa sun ƙanƙame garmar. Yaya Muttaka ya juyo, ya buɗe baki, sannan ya rufe. Ya saki igiyar, ya tako ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ƙanensa, yana kallon gabas kamar mai duba hadari. Ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Can na fara jin gunjin, ƙasa-ƙasa, yana yankewa yana dawowa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Daga bisani Gide ya share goshinsa da hannun riga, ya ce, “Yaya, kama igiyar, ƙasa na shan iska.”

Kunya goma sha ɗaya aka yi ranar, ya kwance shanun tun rana ba ta yi zafi ba, ya ce ya ishi sabon shiga.

Da la'asar dillalin shanu da Yaya Muttaka ya yi wa magana tun bazara ya zo daga Yankara, ya tarar da mu a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ya ce, “To Alhaji, ruwa ya sauka. Shanun hwa?”

Yaya Muttaka ya ce, “Suna da aiki gobe.”

Gonar bakin daji ba a noma ta ba a wannan shekarar, bana ma ba a noma ta ba. Gide ya ce in hanya ta yi lafiya zai fara zuwa ya tsaya daga nesa ya dube ta, ya dawo. Har yanzu yakan je wajen Hajiya Mansura, sai dai yanzu Laraba ɗaya a wata. A turkensa kuwa akwai bijimai biyu da aka kawo daga Daudawa makon jiya, bai ko nuna musu karkiya ba tukuna.